Ja Biyu, Baƙi Ɗaya

Asabar, da hantsi. Kwana goma sha biyu da Babbar Sallah, 1957

Littafin nan na ajin Yaƙi da Jahilci ne. Malam ya ce mu riƙa rubuta abin da muka gani kullum don hannu ya saba. Saura ganye ashirin da 'yan kai. Wannan ba zan kai masa ya duba ba.

Ni ne Sabitu tela. Rumfata tana bakin kasuwar Dutsin-Ma, jikin ta Baba Ilu mai gyaran keke.

Zinariya ba ta dawo ba. Wata huɗu ke nan da aka kai ta gidansu a Kurfi goyon ciki, yadda ake yi wa kowace mace a cikin fari. Arba'in ta cika ranar Lahadin da ta wuce. Na toshe inda jinka ke yoyo, na share ɗaki, na shanya tabarmarta. Ba ta dawo ba, ba a kuma aiko da dalili ba.

Dalilin na san shi. Hannuna ne bai yarda ba tukuna.

Lahadi, bayan la'asar

Na buɗe aljihun teburin keken ɗinki zan ɗauko allura, sai hannuna ya ɗauko karta.

Baba Ilu ne ya ba ni ita bara. Tsohon soja ne, da ita ya dawo daga yaƙin Bama. Ta yi laushi kamar tsohuwar fatar laya, tana warin taba da man keke. Ni ba caca nake yi da ita ba, ko wasan ban iya ba. Duba ya koya mini, irin na sojoji. A cakuɗa sau bakwai. A raba biyu da hannun hagu. A baje su a kife. Mutum ya riƙe tambayarsa a zuci, ya zaro uku. In ja ya fi yawa, eh ne. In baƙi ya fi yawa, a'a ne. Masu zanen zuciya maganar gida suke yi, masu kan mashi ciwo ne ko rabuwa. Doka ɗaya ya kafa mini: ba a yin tambaya ɗaya sau biyu.

Da fari wasa ne. Za a yi ruwa gobe? Mai rigar nan zai zo ya karɓa? Zinariya har dariya take mini, ta ce, "Tela, tambaye su ko miyata za ta yi daɗi."

Yau na tambaya: za ta dawo kafin Juma'a? Ja biyu, baƙi ɗaya.

Na ɗinka wando biyu da ƙarfina.

Juma'a, bayan masallaci

Ba ta dawo ba.

Asabar, da azahar

Gwaggo Azumi ta kawo mini tuwo rumfa da kanta, abin da ba ta saba ba. Ita ta raine ni tun rasuwar iyayena, ta san fuskata fiye da yadda na san ta. Ta zauna bisa benci tana kallon ƙafafuna a kan keke.

Na ce, "Gwaggo, ko in tahi Kurfi?"

Ta ce, "Ka tahi ka ce mi? Ka tsaya gaban surukinka ka ce ka zo ganin matarka? Ɗan nan, ka yi haƙuri. Ba ita ce farkon macen da ta rasa ɗan fari ba. Ni uku na ba ƙasa, ko ɗigon hawayena ba wanda ya gani. Za ta huce ta dawo."

To. Gwaggo ta faɗa, ni ban faɗa da bakina ba.

Haƙuri. Tun ina ƙarami da shi ake yabona. Sabitu mai haƙuri, ko an taka shi ba ya cewa wayyo. Har yau ban taɓa tambayar kaina ko haƙurin ne, ko kuwa ban iya buɗe baki ba ne kawai.

Ranar kasuwa, da hantsi

Yaya Hudu ya zo da jakunansa. Wan Zinariya ne, duk kasuwa yakan kawo gero daga Kurfi. Da, in ya sauke kaya, rumfata yake zuwa ya miƙe ƙafa ya sha fura, ya yi ta tsokanata wai ɗinkina ya fi ni magana. Yau ta bayan masu gishiri ya bi. Na bar keke na tare shi.

"Yaya Hudu, sannu da zuwa. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya ruwa wajenku?"

"Ruwa ya yi gyara."

"Ya mutanen gida?"

"Lahiya."

Na tsaya. Shi ma ya tsaya yana gyara igiyar mangala wadda ba ta kwance ba. Labarinta nake son ji. Na sake cewa, "Duk dai suna lahiya?"

Sai ya ɗago. Ba ni ya kalla ba, teburin kekena ya hango ta saman kafaɗata. Ya ce, "Ka tambayi 'yan takardunka mana. Ai sun fi ni sani."

Ya kora jakunansa.

Ashe ya gaya mata.

Washegari, da walaha

Wata tsohuwa daga Makera ta kawo ƙyallen fari, wai a yi wa jikanta 'yar riga, suna jibi. Na auna da taƙi. Na yanka. Na sa a keke, ƙafata ta ƙi motsi. Na ce mata keken ya lalace, ta kai wa telan bakin masallaci. Ta ce, "Yanzu fa na ji shina kuka." Na ce yanzun ya lalace.

Laraba, bayan azahar

Sau ɗaya na gan shi. Ranar suna.

Bayan an shafa fatiha an raba goro, Kaka Rekiya, kakar Zinariya, ta jawo ni cikin gida. Ita kaɗai ce a gidan nake iya haɗa ido da ita, angona take ce mini. Ta fito da shi naɗe a zane ta miƙo mini shi gaban mata. Na kau da kai, na yi baya, kamar yadda kowane uba yake yi a kan ɗan fari. Mata suka yi guɗa suna dariya, wai angon Kaka akwai kunya, an yi masa tarbiyya.

Su sun ga na kau da kai. Amma idon tela ba ya buƙatar daɗewa. Gashinsa kwance, da ɗan murɗe biyu a tsakar kai. Kunnensa ɗaya ya ɗan naɗe daga sama kamar bakin hula. Yatsan ƙafarsa na biyu ya fi babban tsawo, irin nawa. Yana tsotsar leɓensa na ƙasa.

Kwana talatin da uku ya yi. Sunansa ban taɓa faɗa ba. Ba a faɗa.

Alhamis, da la'asar

Na tambaya: tana fushi da ni? Ja uku. Na tambaya: za ta huce? Ja biyu. Na tambaya: ta ci abinci yau? Baƙi biyu. Wannan ta ƙarshen ita ta hana ni aiki.

Mutum ba ya iya tambayar surukinsa, ba ya iya tambayar surukuwarsa, ba ya iya tambayar wan matarsa. Takarda kuwa ba ta jin kunyar kowa, ba a kuma jin kunyarta. Abin da ya kai ni ke nan.

Juma'a, bayan masallaci

Na taɓa jin malamai na cewa wanda ya je wurin mai duba, sallarsa ta kwana arba'in ba ta karɓuwa. To wanda shi ne mai duban, shi ne kuma mai tambayar fa? Astagfirullah.

Ba ta dawo ba.

Lahadi, da hantsi

Gwaggo ta zo neman almakashi ta buɗe aljihun tebur. Ta riƙe baki.

"Kayan 'yan caca? A hannun ɗan ɗan'uwana? Shi ya sa yarinya ta ƙi dawowa! Wanga tsohon soja ne ya lalata ka, na sani, duk wanda ya haye ruwan gishiri ba ya dawowa daidai."

Baba Ilu yana ji daga rumfarsa. Ya ce, "Azumi, ni da na dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, mi ne ne bai daidaita ba?"

Ta ce, "Kan."

Na bar ta a kan caca ce. Gara ta ce caca.

Litinin, da magariba ta kusa

An wuni ana ruwa. Jinkar da na toshe ba ta yoyo. Ba wanda zan nuna wa.

Laraba, ranar Cika-ciki, bayan la'asar

Gwaggo ta tuƙa tuwo tukunya guda, ta ce yau wanda bai ƙoshi ba, ba shi da ƙoshi har shekara ta zagayo. Ta kwashe malmala a akushi uku. Da ta ga abin da ta yi sai ta juye na ukun cikin nawa. Na ci loma huɗu. Ta ce in ƙara. Na ƙara ɗaya.

Bara war haka Zinariya ta ci har ta kasa tashi, tana kwance bisa tabarma tana dariya, tana cewa a mirgina ta ɗaki kamar kabewa.

Ranar kasuwa, da azahar

Yau Yaya Hudu da kansa ya zo rumfa. Bai zauna ba.

"Baba ya ce ka zo ranar Alhamis, ka taho da babba."

Na ce, "Lahiya?"

"Ta ce a sawwaƙe mata."

Akwai rigar wani a ƙarƙashin allura. Na ci gaba da taka keke har na kai ƙarshen layin, na yanke zare, na ninke rigar. Sannan na ce, "Allah ya kai mu."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Ka gani? Haka kake. Ko ranar ta'aziyya haka ka yi. Ka ce Allah ya bayar, Allah ya karɓa, aka kawo fura ka sha. Tana bayan zana tana jin ka."

Na sha furar don mahaifinsu ne ya miƙo mini. Da na ƙi, da an ce na raina shi. Tun ranar ban sake shan fura ba. Ban gaya wa Hudu haka ba.

Washegari

Ban buɗe rumfa ba.

Talata, bayan azahar

Zan rubuta shi yau, tun da na riga na faɗa wa mutum ɗaya da baki.

Baba Ilu ya ga kwana biyu ban buɗe ba, ya aiko in zo in riƙe masa taya. Ba ya buƙatar mai riƙe taya. Na tsuguna, yana murza roba da dutse, ya ce, "Kurtu, faɗi." Haka yake kirana. Sai na faɗa.

Saura kwana uku Sallah Hudu ya zo, ba ranar kasuwa ba, ba jakuna, a kan keken aro, wandonsa duk laka. Ya ce yaron ba ya kama nono, jikinsa zafi, kwana biyu ke nan. Bai ce in zo ba. Ba a ce wa uba ya zo a kan ɗan fari. Amma mutum ba ya taka keke daga Kurfi cikin laka don ya gaishe ka.

Rumfata cike da ɗinkin Sallah, riguna har rufi, masu su na zarya. Na ga kaina ina shiga Kurfi a guje, ana cewa ga telan da ya zubar da kayan mutane ya zo kuka a kan ɗan fari. Na ga fuskar surukina. Na ga ta Gwaggo. Sai na ce wa Hudu ya je ya sha ruwa a randar bayan rumfa.

Yana juya baya na baje karta. Na tambaya: zai tashi? Na zaro uku. Baƙi. Baƙi. Baƙi. Biyu masu kan mashi.

Na ce a raina ban cakuɗa sau bakwai ba, shida na yi. Na sake.

Nan Baba Ilu ya daina murza robar.

Kartar ta tsufa. Kowace da tabonta a baya. Macen nan mai zuciya kusurwarta ta karye. Goma ja tana da ɗigon man keke. Bakwai ja taba ta ƙone ta a gefe. Ban taɓa zama na haddace ba, ido ne kawai ya riƙe, kamar yadda nake gane rigar mutum a cikin ɗari. A karo na biyun hannuna ya san inda za shi. Ja, ja, sannan na zaro baƙi ɗaya don kada abin ya yi yawa.

A kan na biyun Hudu ya dawo ya tarar da ni. Na tattara su na ce masa, "Ba komai, zai warke in Allah ya so. Ka ce ina nan tahe bayan Sallah." Na sayi maganin zazzaɓi a kanti na ba shi.

Ran jajibere da la'asar aka binne shi. Ni ina nan ina sa wa rigar wani maɓalli.

Baba Ilu ya ajiye dutsen. Sannan ya ce, "Mu a jirgin ruwa muke yin ta, kwana ashirin ba ka ganin ƙasa, don kada mutum ya yi tunani ya faɗa teku. Wanda ta ce zai dawo, wani ya dawo, wani shina can. Ni ta ce ba ni dawowa. Ga ni ina liƙin taya. Abin wasa na ba ka, Kurtu, ka naɗa mishi rawani."

Na ce, "Da na bi ta farkon..."

Ya ce, "Ta farkon ma ƙarya ce. Ba takarda ce za ta gaya maka ka tahi ba. Lakar da ke wandon Hudu ta gaya maka."

Ya ce shi zai raka ni ranar Alhamis. Na ce Gwaggo ba za ta so ba. Ya ce Gwaggo ba ta iya keke ba.

Laraba, da la'asar

Na baje su a kife. Tambayar tana zuci: gobe da matata zan dawo ko ni kaɗai? Na kai hannu. Ga mai karyayyar kusurwa. Ga mai ɗigon mai. Ga mai ƙuna. Duk suna kallona ta baya. Duk amsar da nake so tana nan, sai dai in ɗauka.

Na tattara na mayar aljihun tebur.

Alhamis, Kurfi, bayan la'asar. A zauren baƙi

Mun fito da sassafe, keke biyu. Baba Ilu ya sako kwat ɗinsa ta soja da lambobi uku a ƙirji, wai surukai su san ba da yaro aka zo ba. Rafi biyu muka ɗauki kekuna a ka. A na biyun ya zame ya zauna cikin ruwa da lambobinsa, ya tashi yana zagin rafin da wani yare.

Muka iso da hantsi ya yi sama. Surukina yana zaure da ƙannensa biyu. Na cire takalmi tun daga nesa, na durƙusa, kaina a ƙasa. Baba Ilu ya fara gaisuwa. Ya gaida gida, ya gaida gona, ya gaida ruwa, ya koma ya gaida gona, ya shiga labarin yadda ake noman shinkafa a Bama. Daga baya na gane da gangan yake yi.

Sai na ji ana ja mini riga ta ƙofar gefe. Kaka Rekiya.

"Angona, ka rame kamar zaren kekenka. Taho ta nan. Tsofaffin can kafin su gama gaisuwa gero ya nuna."

Ta bi da ni ta bayan rumbuna. Zinariya tana zaune bisa kifaffen turmi tana tsinke zogale a faifai. Wuyanta ya yi tsawo. Zanen da ke jikinta ni na ɗinke masa baki. Ba ta ɗago ba. Kaka ta koma gefe ta zauna ta ba mu baya, wai tana tsince wake.

Na ce, "Sannu."

"Yauwa, Tela."

Ganyen zogale yana zuba a faifai.

Ta ce, "Yau mi suka ce maka?"

"Ban tambaya ba."

"Don mi? Sun daina sani?"

Na gaya mata duka, yadda na gaya wa Baba Ilu. Baƙi ukun farko. Tabon da ke bayansu. Abin da Hudu ya gani da abin da bai gani ba. Ina faɗa ina jin ina yanka igiyar da ta rage da hannuna, amma ban tsaya ba.

Hannunta ya tsaya a kan reshen. Ta ce, "Ashe ma ka gani."

"Na gani."

"Kwana uku ina sauraren ƙararrawar keke. Duk keken da ya wuce bayan katangar nan sai in gyara ɗaurin zane. Da abin ya faru na buɗe baki, Inna ta ce kul, ɗan fari ne, kada in kunyata gida. Na cusa gefen zane a baki. Sannan ka zo. Na ce to, shi namiji ne, shi ba a hana shi ba, bari in ji muryarsa ta karye ko sau ɗaya, ya yi mana mu biyu. Sai na ji kana cewa furar ta yi daɗi."

Ban tuna na ce haka ba. Amma zan iya. Irin abin da nake faɗa ne.

Na ce, "Ba ni da abin cewa."

"Ai ba ka taɓa samu ba."

Ta ci gaba da tsinke ganyen, har da wanda ta riga ta tsinke. Can ta ce, ƙasa-ƙasa, "Ka san inda yake?"

"A'a."

"Ni ma. Suka naɗe shi a guntuwar tabarma, maza suka fita da shi, suka dawo suka wanke hannu. Na kasa tambayar Baba. Na kasa tambayar Yaya Hudu. Kwana kusan arba'in ruwa na sauka, kullum ina jin shi a kan rufi." Sai a nan ta ɗago ta kalle ni. "Ka tahi ka gani. Da idonka. Ka zo ka gaya mini."

Hudu yana ɗaure jakuna a ƙofar gida. Na tsaya gabansa na ce, "Yaya Hudu, ka kai ni kabarin ɗana." Haka na faɗa, da ƙarfi, har wani mai wucewa ya waiwayo. Hudu ya kalle ni. Ya shiga ya ɗauko gatari ya wuce gaba.

Maƙabartar tana gabas da gari, ciyawa har gwiwa. Sai da ya yi ta ƙirga taku daga wata aduwa kafin ya nuna. Kamu ɗaya ne da taƙi. Na auna, ban san na auna ba. Ruwa ya cinye gefen kudu, ƙasar ta lotsa, ƙayar da aka ɗora ta tafi. Na durƙusa na yi ta tara ƙasa da hannu ina dannawa. Na tsinto fasassun tukwane na jera ta inda ruwa ke bi. Hudu ya saro ƙaya, ya ce, "Riƙe nan," muka ɗora tare. Muka yi addu'a. Abin da ya same ni a wurin Hudu ya gani, ya juya baya yana goge gatarin da ba datti har na gama.

Da muka dawo tana nan inda na bar ta. Faifan ya cika, ba ta tashi ba.

"Ruwa ya ci?"

"Ya ci gefe ɗaya. Mun gyara. Na sa katangar tukwane, ba zai sake bi ta nan ba."

"An sa ƙaya?"

"An sa sabuwa."

Ta ce, "Akwai inuwa?"

Kaka tana bayanta. Ta yi ta gyaɗa mini kai, tana zaro ido, tana nuna mini da baki in ce eh. Kalmar tana kan harshena, mai sauƙi, ga ta nan sai dai in ɗauka.

Na ce, "Babu. Akwai aduwa, amma taku ashirin ne. Inuwarta ba ta kaiwa."

Faifan ya faɗi. Kukan da ta yi ban taɓa jin irinsa ba, ba ta sa zane a baki ba. Gaisuwar zaure ta ɗauke ɗif. Innarta ta fito da gudu tana cewa ke, ke, mutane na ji. Kaka ta tare ta da sandarta ta ce, "Bar ta. Su ji."

Na tsaya a wurin. Ban san ko in matsa ko in fita ba. Na tsuguna ina tsince zogalen daga ƙasa.

Ba a sake kiranmu zaure ba yau. Surukina ya ce a bari sai gobe. Baba Ilu ya shanya kwat ɗinsa a bakin ƙofa, yana barci tun yanzu.

Juma'a, Kurfi, da hantsi

An kira ta. Ta tsaya bayan ƙofar zaure, ƙafafunta kawai nake gani. Mahaifinta ya ce ta maimaita gaban baƙi abin da ta ce masa. Ta ce, "Baba, a bar maganar."

Ya ce, "A bar ta yau, ko a bar ta?"

Ta ce, "A bar ta."

Asabar, Dutsin-Ma, bayan la'asar

Hudu ya ba da jaki ɗaya. Tana bisa, kayanta a bayanta, ni ina tura keke a gefe. Baba Ilu ya yi gaba, wai zai je ya shirya Gwaggo kada ta suma.

Mun yi nisa. Sai wajen gonakin dawa ta ce, ba tare da ta kalle ni ba, "Ni 'yar Kurfi ce, Tela. Tun ina talla na san babu itacen inuwa a gabas. Da ka ce akwai inuwa, da yau kai kaɗai ke bisa hanyar ga."

Na ce, "To."

Ta ce, "Ban ce na huce ba."

Na ce, "Na sani."

A rafi na biyu jakin ya yi tuntuɓe. Sai na ga hannunta ya tafi bayanta da sauri, ya tallafi wurin goyo.

Ta bar hannun a can har muka haye.